Bukukuwan Hunturu a Gidajen Kanada

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau doguwar tafiya za mu yi, har ƙasar Kanada da ke can arewacin nahiyar Amurka. Za mu shiga gidajen mutanenta a lokacin da sanyi ya fi tsanani, daga Disamba zuwa Fabrairu, mu ga yadda iyalai suke bukukuwansu. Da yawanmu abin da muka sani bai wuce na fina-finai ba: bishiya mai fitilu, da tsoho mai jajayen kaya da farin gemu, da kwalayen kyaututtuka. Duk akwai su, amma wanda ya tsaya nan bai shiga cikin gidan ba tukuna.

Bari mu fara da sanyin kansa, domin wanda bai san shi ba, ba zai gane al'adun ba. A birnin Winifeg da ke tsakiyar ƙasar, ba abin mamaki ba ne a wayi gari a watan Janairu ma'auni ya sauka digiri 30 ƙasa da sifili. In iska ta taso a kan haka, kunne ko yatsan da aka bari a waje yakan daskare cikin 'yan mintoci. Ranar 3 ga Fabrairun 1947, a wani ɗan ƙauye mai suna Snag a yankin Yukon, an auna digiri 63 ƙasa da sifili, kuma har yau ba a sake auna irinsa a ƙasar ba. Sannan ga duhu. A Toronto, ranar 21 ga Disamba, yini bai cika awa 9 ba, kafin ƙarfe biyar na yamma rana ta faɗi. A garin Inuvik kuwa, can ƙurewar arewa, rana takan faɗi a farkon Disamba, ba a sake ganin ƙwayarta sai bayan kimanin kwana 30. Ranar da ta leƙo, mutanen garin kan fito su hura babbar wuta, su yi mata biki.

To ku duba abin da irin wannan yanayi yake yi wa ɗan Adam. Ba zaman ƙofar gida, ba hira a bakin hanya. Kowa ya taso daga aiki sai ya faɗa ɗaki ya ja ƙofa. Tsohuwar da mijinta ya rasu tana iya yin mako guda ba wanda ya yi mata sallama. Shi ya sa in kuka lura da kyau, za ku tarar yawancin al'adun hunturu na Kanada dabaru ne na fitar da mutum daga ɗakinsa zuwa ƙofar wani, ko na janyo wani zuwa teburin abincinsa. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. A can, ƙafar sai ta ratsa dusar ƙanƙara mai kai gwiwa kafin ta isa.

Mu fara da tsibirin Newfoundland da ke gabas, wanda bai shiga tarayyar Kanada ba sai 1949. Mutanensa masunta ne da suka daɗe a ƙananan ƙauyukan bakin teku, wasu ƙauyukan ba hanyar mota, sai jirgin ruwa. Daga 26 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, da dare sai a ji ana buga ƙofa. In aka buɗe, ga mutum biyar ko shida a tsaye, fuska rufe da tsohon labule ko rigar matashin kai. Namiji ya sa kayan mata, mace ta sa na maza, an cusa tsummokara a cikin riga don ƙirar jiki ta sāke. Magana ma ba irin ta kullum suke yi ba, jan numfashi suke yi ciki suna magana, don kada a shaida muryarsu. Su ake kira mummers. Sai sun nemi izini kafin su shiga. In mai gida ya amince, sai a ture kujeru a ɗakin girki, a sa kiɗa, a yi ta rawa, masu gida kuma suna ta ƙoƙarin cankar wane ne wane. Wanda aka gano sai ya yaye fuskarsa, a miƙa masa abin sha da yankan kek, daga nan a rankaya gida na gaba. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan tashe suna bi gida-gida a daren azumi, cikin shigar ban dariya, ya riga ya san ƙirar wannan wasa.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne, wasan ba ya yiwuwa sai inda mutane suka san juna ciki da bai. In an rufe fuska, an ɓad da murya, da me za ka gane mutum? Da tafiyarsa, da girman hannunsa, da yadda yake dariya. Ke nan kowane dare na wasan jarrabawa ce ga maƙwabtaka. Amma rufe fuska yana da haɗarinsa. A ƙarshen Disambar 1860, wasu da suka yi wannan shiga suka far wa wani mutum mai suna Isaac Mercer a garin Bay Roberts, har ya rasa ransa. A 1861 aka kafa doka, aka hana fita da rufaffiyar fuska ba da izinin alƙali ba. Ƙauyuka na nesa ba su daina ba, sai dai wasan ya yi ta raguwa yayin da hanyoyi suka buɗe, baƙin fuska suka yawaita. Tun 2009 birnin St. John's yake shirya bikin mummers kowane Disamba, har da jerin gwano a kan titi. Abu ne mai kyau, ya hana al'adar mutuwa. Sai dai a ganina, jerin gwano a titi bai kai bugun ƙofar maƙwabci ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Daga nan sai lardin Kebek, inda yawancin jama'a Faransanci suke yi, kuma kakanninsu 'yan ɗariƙar Katolika ne. A wurinsu babban lokacin shi ne daren 24 ga Disamba, jajibirin Kirsimeti. A da, iyaye kan kwantar da yara da wuri, a tashe su wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a naɗe su da barguna a keken da doki ke ja a kan ƙanƙara, a tafi coci addu'ar tsakar dare. Bayan an dawo ne ake zama cin abincin da suke kira réveillon, wanda kan kai har asuba. Gidajen wancan zamani 'ya'ya goma ba abin mamaki ba ne, ga kawunnai da gwaggwanni da 'ya'yansu, don haka mata kan fara girki tun makonni kafin ranar, su jera abincin a ɗakin waje inda sanyi zai adana shi. Sarkin teburin shi ne tourtière, niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da ake rufewa da kwaɓin fulawa a gasa. Yawanci naman alade ne, wasu su haɗa da na maraƙi ko naman farauta. A yankin Lac-Saint-Jean kuwa ba a niƙa naman, yanka shi ake yi gutsi-gutsi da dankali a tukunya mai zurfi, ya yi sa'o'i a wuta. A ƙarshe a kawo kek mai siffar gungumen itace. Tun shekarun 1960 zuwa coci ya ragu ƙwarai a Kebek, kuma coci-coci da dama sun dawo da addu'ar zuwa farkon dare. Amma zaman cin abincin yana nan, har a gidajen da ba mai taka ƙofar coci.

Akwai wata al'adarsu da ake kira guignolée. Kafin biki, 'yan sa kai kan bi gida-gida suna waƙa, suna karɓar abinci da kuɗi domin gidajen da ba su da hali, don kada a samu wanda zai kwana da yunwa alhali maƙwabcinsa na shagali. Ƙungiyar Saint-Vincent-de-Paul ta cocin Katolika ta daɗe tana riƙe da wannan aiki. Yanzu har abokan aikinmu na gidajen rediyo da talabijin da jaridu na lardin sukan keɓe rana guda a Disamba, su fita mararraba cikin sanyi da gwangwanaye a hannu, suna roƙon masu wucewa.

Wadda ta fi taɓa zuciyata kuwa ita ce ta safiyar 1 ga Janairu. A tsohuwar al'adar Kebek, babban ɗa ko babbar 'ya ce ke zuwa gaban mahaifi ta roƙe shi ya sa wa iyali albarka. Kowa sai ya durƙusa, uban ya ɗaga hannu a kansu ya yi musu addu'ar shekarar da ta kama. Waɗannan iyaye manoma ne da masu saran katako, mutanen da ba su saba furta ƙauna da baki ba. Sau ɗaya a shekara al'ada takan buɗe musu ƙofar yin haka. Yau gidajen da ke yi sun yi ƙaranci, kuma ina ganin an yi asara.

A filayen noma na yamma, lardunan Manitoba da Saskatchewan da Alberta, akwai jikokin mutanen Yukren, waɗanda na farkonsu suka iso a 1891. Su ba sa zama cin abincin jajibirin Kirsimeti sai yaro ya hango tauraro na farko a sama. Abinci kala 12 ake jerawa, ba nama ko ɗaya, a fara da kutia, dafaffiyar alkama da zuma. Akan ajiye faranti guda da kujerar da ba mai zama a kanta, domin tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Iyalai da yawa sun saba yin wannan a daren 6 ga Janairu bisa tsohuwar kalandar cocinsu, ko da yake yanzu wasu sun koma 24 ga Disamba.

Ita bishiyar da muka ambata da farko, Jamusawa ne suka kawo ta. A 1781, a garin Sorel na Kebek, uwargidan Janar Riedesel, kwamandan sojan Jamus da ke yi wa Ingila aiki, ta ƙawata bishiya da kyandir don baƙinta, kuma ita ake lissafawa ta farko a ƙasar. Amma bishiyar da ta fi kowacce labari ita ce wadda ke barin lardin Nova Scotia kowace shekara. Ranar 6 ga Disambar 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, jirgin ruwan Faransa mai suna Mont-Blanc, maƙare da nakiyoyi, ya yi karo da wani jirgin Norway mai suna Imo a tashar Halifaks. Fashewar ta kashe mutum kusan 2,000, ta jikkata kimanin 9,000, ta share unguwanni. Washegari kuma guguwar dusar ƙanƙara ta rufe waɗanda suka rasa matsuguni. Birnin Boston na Amurka bai jira an roƙe shi ba, a daren ranar ya taso jirgin ƙasa da likitoci da nas-nas da magunguna. A 1918 Nova Scotia ta aika wa Boston bishiyar godiya, sannan daga 1971 abin ya zama na kowace shekara. Sau da yawa wani iyali ne ke ba da bishiyar daga filinsa kyauta, 'yan makaranta su taru su yi mata rakiya. Shekara sama da ɗari ke nan, waɗanda aka yi wa alherin duk sun shuɗe, jikokinsu ba su manta ba. Masu sauraro, wannan hali abin koyi ne.

Yara kuma suna da nasu. Hukumar gidan waya ta Kanada ta ba wa tsohon nan mai jajayen kaya, Santa, adireshi na musamman mai lamba H0H 0H0. Wasiƙu sama da miliyan guda ke zuwa a shekara, ma'aikatan gidan waya da waɗanda suka yi ritaya su zauna su amsa su kyauta, cikin harsuna da dama, har da rubutun makafi. A Toronto ana yin faretin Santa tun 1905. Sai wasan ƙanƙara. Uba kan fita bayan gida cikin dare da mesar ruwa, ya yi ta fesawa, ruwa ya daskare, ya sake fesawa, har fili ya zama santsi kamar madubi, yaran unguwa su taru su yi ta zamiya da ƙwallon gora. A irin wannan fili da mahaifinsa ya yi masa a garin Brantford ne Wayne Gretzky, gwarzon ƙwallon gorar ƙanƙara, ya koyi wasa. A Otawa, babban birnin ƙasar, mashigin ruwa na Rideau kan daskare ya zama filin zamiya mai tsawon kilomita 7.8. Amma a hunturun 2022 zuwa 2023 ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, aka kasa buɗe shi ko na rana ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara a farkon shekarun 1970. Ɗumamar yanayi ta fara taɓa al'adun da aka gina a kan sanyi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, ba adalci ba ne mu yi wannan bayani mu tsallake 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka yi dubban shekaru suna bukukuwan hunturu kafin Bature ya iso. A gaɓar tekun yamma, ƙabilu irin su Kwakwaka'wakw suna da taron potlatch, inda mai gida ke tara jama'a ya ciyar da su kwanaki, ya raba musu dukiyarsa, a yi suna, a ɗaura aure, a tabbatar da sarauta. Darajar mutum a wurinsu tana ga yawan abin da ya bayar. Gwamnatin Kanada ta haramta taron daga 1885 har 1951. A Disambar 1921 wani basarake, Dan Cranmer, ya yi nasa a wani tsibiri. Aka kama mutum 45, aka ɗaure kimanin 20, aka ƙwace kayan gadonsu aka kai gidajen tarihi. Laifinsu rawa da kyauta. Wasu daga cikin kayan sai bayan shekaru kusan sittin suka dawo gida. Haka kuma yara kimanin 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka hana su harshensu. Da yawansu Kirsimeti kan zo ya wuce ba su ga uwa ba. Gwamnati ta nemi gafara a 2008, Fafaroma Francis ya nemi tasa a 2022. Don haka ga wasu tsofaffi, watan Disamba watan tuna baƙin ciki ne. Duk da haka al'adunsu suna raye. A garuruwan Inuit na yankin Nunavut, daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, gari kan taru a zauren taro kowane dare, a shimfiɗa naman barewar ƙanƙara da kifi da mafarauta suka kawo, kowa ya sa wuƙa ya yanka, a yi wasanni da rawa har dare ya raba. Ba a tambayar wa ya kawo, wa bai kawo ba.

Bikin Kirsimeti yana da nasa nauyin. Kasuwa ta shiga cikinsa ƙwarai. Tun Nuwamba shaguna ke kiran mutane, ranar 26 ga Disamba kuma a yi ta layin sayen kayan da aka rage wa farashi, iyalai da dama su shiga Janairu da bashi a wuya. A lokaci guda, a ƙasar da ake ganin ta wadata, rumbunan abincin agaji sun karɓi masu neman taimako fiye da sau miliyan 2 a watan Maris na 2024 kaɗai. Ga kuma shan giya a wuraren liyafa da haɗarin mota a kan titi mai santsi. A 1984 wani malamin lissafi na Jami'ar Laval da ke birnin Kebek, Jean-Marie De Koninck, ya kafa shirin Nez rouge. Wanda ya ga bai dace ya yi tuƙi ba sai ya buga waya, 'yan sa kai su zo su kai shi gida a cikin motarsa, ba ko kwabo. In ya ba da wani abu don kansa, kuɗin ƙungiyoyin matasa ake kai wa.

To ina Musulmi da sauran baƙi a cikin wannan duka? Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Kanada daga wata ƙasa ya yi ƙaura ya zo. Kiristoci kashi 53 cikin ɗari ne, waɗanda suka ce ba su da addini sun haura kashi 34, Musulmi kuma kusan kashi 5, wato kimanin miliyan 1.8. Shi ya sa a unguwa guda za ka ga Bayahude ya kunna kyandir na Hanukka, ɗan Iran ya tara iyali a daren Yalda, ɗan Sin yana shirin sabuwar shekararsa. Musulmi ba baƙi ba ne a can, masallacin Al-Rashid na birnin Edmonton tun 1938 aka buɗe shi. Inuvik ɗin nan da rana ke ɓacewa wata guda, akwai masallaci a cikinsa. A Winifeg aka harhaɗa shi a 2010, aka ɗauko shi ta mota da jirgin ruwa tafiyar kilomita kimanin 4,000, daga baya masallatan suka buɗe rumbun abincin agaji da ke ciyar da mabuƙatan garin ba tare da duba addini ba. Yawancin iyalan Musulmi ba sa bikin Kirsimeti, amma makarantu da ofisoshi a rufe suke, don haka sukan yi amfani da hutun su ziyarci juna, su kai wa maƙwabci abinci, su amsa gaisuwarsa da mutunci. Kuma tun da azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan Ramadan da ƙaramar Sallah suna ta kusantar tsakiyar hunturun Kanada, yini gajere, dare dogo, buɗe-baki tun da sauran yamma.

A cikin ƙasashen da sababbin baƙi suka fito tsakanin 2016 da 2021, Najeriya ce ta biyar. Ke nan a cikin masu sauraronmu akwai wanda ɗansa ko ƙanwarsa ke karatu ko aiki a can. Ku sani, makonni biyun ƙarshen Disamba su ne mafi wuya ga ɗalibi baƙo. Jami'a ta rufe, abokan karatu sun tafi gidajen iyayensu, ɗakin kwana ya yi tsit, waje duhu da sanyi, shi kuma ba zai faɗa muku ba don kada hankalinku ya tashi. Iyaye da 'yan uwa, don Allah in Disamba ta kama ku riƙa kiransu, kada kiran ya zama na neman aike kaɗai. Ku tambaye su wa suka gani yau, a ina suka ci abinci. Ku kuma 'yan uwanmu da kuka daɗe a can, kuke jin mu ta intanet, ku nemi sabon zuwa ku kira shi gida ya ci tuwo da ku, ku leƙa tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku ko da kwashe mata ƙanƙarar ƙofar gida ne.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)